Yadda Ake Kula Da Tsohuwar Kyanwa A Gidan Manomi

A Zakirai da ƙauyukan Gabasawa, inda gona ke manne da gona kuma kusan kowane gida da rumbunsa, kyanwa ma'aikaciya ce. Ita ke tsare gero da dawa da gyaɗa daga ɓera, shi ya sa wasu ba sa ba ta abinci, wai kada ta ƙoshi ta daina farauta. Da ƙuruciya tana iya ɗaukar wannan. Amma in ta haura shekara 10, ƙafa ta yi nauyi, haƙora sun fara girgiɗi, sai ɓeran da take cafkewa da tsalle ɗaya ya wuce ta gabanta tana kallo. Likitocin dabbobi na kwatanta kyanwa mai shekara 11 da mutum ɗan shekara 60. Daga nan cinta da shanta sun koma wuyan masu gida, kuma a ganina da yawa daga cikin waɗanda ake cewa tsufa ne ya kashe su, yunwa ce ta ƙarasa su.

Da hannu ake farawa. A shafa bayanta daga wuya zuwa gindin wutsiya. In ƙashin baya na tokarar yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta rame, ko da gashi ya rufa mata asiri. Sai a ɗaga leɓenta a hankali a duba dasashi. Ja wur, da wari, da dalalar yawu, ko tauna da gefe guda tana karkata kai, duk alamar ciwon haƙori ne. Irin wannan takan zo gaban kwano da ɗoki, ta sunsuna, ta juya, a ce ai ta ƙoshi.

Abinci ne babban aikin. Kyanwa maciyar nama ce, ragowar tuwo da miyar kuka ba za su riƙe ta ba, domin akwai sinadarin da idonta da zuciyarta ke buƙata wanda sai a nama da kifi take samunsa. Ba sai an yi wata ɗawainiya ba. A jiƙa busasshen kifi a ruwan zafi, a zare ƙayar tsaf, a murmushe shi, a cakuɗa da ɗan loma na tuwo. Dafaffen ƙwai ma ya yi, haka kayan cikin kaza ranar da aka yi yanka. Hanta kuwa kaɗan, sau ɗaya a mako, yawanta na sandarar da ƙashin wuya. A riƙa ɗebe nata kafin a zuba albasa da tafarnuwa, don suna lalata mata jini. A ba ta da ɗumi-ɗumi, ƙamshin zai ja ta, kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a wuni, kuma a lungun da kaji da ƙananan kyanwoyi ba za su yi mata wawaso ba. Madarar da yara ke son zuba mata, zawo take sa yawancin kyanwoyi.

Ruwa a ajiye mata shi a kasko mai faɗi a wuri biyu, a inuwa, a canja kullum, musamman da bazara. Ƙoda ce ke fara gazawa a jikin tsohuwar kyanwa. In aka ga ta tare a gindin randa, tana yawan sha da yawan fitsari, ga rama, ga amai jefi-jefi, to maganar ta wuce ta gida.

Da hunturu kowa ya san inda take kwana: cikin tokar murhu. Ciwon gaɓoɓi ke kai ta neman ɗumi, kuma da asuba mai hura wuta ba kullum take dubawa ba. A shimfiɗa mata buhun algarara ninki biyu a kwali, a ɗaki ko madafi, a ƙasa, tunda hawan katanga ya gagare ta. In akwai dakalin da ta saba shan hantsi a kai, a ajiye mata bulo ɗaya ta riƙa takawa. A taje ta da tsohon mataji, don ta daina iya lanƙwasawa ta lashe bayanta. A duba farata ma. Da yake ba ta ƙara wasa su a jikin itace, sukan lanƙwashe su shige tafin ƙafa. A datse farin tsinin kawai, kada a kai ga jan da ke ciki.

Inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya shi ne wajen magani. Ƙwayar Panadol ɗaya tana iya kashe kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa ta. Fiya-fiya da Sniper da maganin feshin wake ba a shafa mata su don ƙuma, haka wasu magungunan kaskar karnuka. Gidan da ke da kyanwa kuma ya rabu da maganin ɓera, domin ɓeran da ya ci guba yana layi shi ne kaɗai wanda tsohuwa za ta iya kamawa. Maganin tsutsar ciki da rigakafin haukan kare, wanda kyanwa ma tana ɗauka, a bar wa malamin dabbobi. Abin da ya fi ƙarfinsa sai asibitin dabbobi na Gwale a Kano, ko na koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A ɗauke ta a kwando mai murfi, kada a cusa ta a buhu a ɗaure baki.

Ciwon gaɓoɓi ba kyanwa kaɗai yake kamawa ba, shi ya sa masu tsofaffin karnukan farauta kan yi tambaya a kan maganin allurar Sin da suke gani a waya. Gaskiya ne ana yi wa karnuka, har akwai ƙungiyar likitocin dabbobi masu wannan aiki da aka kafa a Amurka a 1974. Likita kan tsira siraran allurai a wasu gurabe na baya da ƙugu, ya bar su minti 10 zuwa 20, a maimaita mako-mako. Wasu karnukan kan ji sauƙin ciwon, amma gaɓar da ta cinye ba ta dawowa, kuma masana ba su gama yarda da ƙarfinsa ba. Ba shi da haɗi da sakiya ko tsagar wanzami, kada wani ya ɗauki basilla ya gwada. Abin da za a iya yi a gida, kare ne ko kyanwa, shi ne a gasa ƙugun da tsumma mai ɗumi na 'yan mintuna da safe, bayan an fara gwada zafinsa a bayan hannu.