Jaririn da aka haifa da tawaya: wanda ba ya jiran suna, da wanda ba ya jiran arba'in

A ƙauyukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, mata da yawa har gobe a ɗaki suke haihuwa, a hannun ungozoma ko uwar miji. Idan jariri ya faɗo da wata tawaya a jikinsa, ƙafa a murɗe, ko leɓe a tsage, ko wani ƙullutu a gadon baya, sai ɗakin ya yi tsit. A lulluɓe shi da zani, a ce wa 'yan barka barci yake yi. Daga nan sai ka ji manya sun yanke shawara: a bari a yi suna tukuna, ko kuma a bari mai jego ta gama wanka. Wannan jira shi ne babbar damuwata, domin kowace irin tawaya da lokacinta, kuma wasu lokacinsu bai wuce kwana ɗaya ko biyu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai kusan 240,000 ke mutuwa duk shekara a cikin kwana 28 na farkon rayuwarsu saboda larurorin da aka haife su da su, kuma tara cikin goma na yaran da ke da mai tsanani a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu ake haifarsu. Da yawa daga cikinsu larurar tana da gyara, sai dai ba a kai su da wuri ba.

Kafin komai, a sauke wa uwa laifi. Ba fitar da ta yi da magariba ba ce ta jawo, ba husufin wata ba ne, ba dariyar da ta yi wa wani mai nakasa ba ce. Yaron kuma ba ɗan ruwa ba ne, ba canjin aljanu ba ne. Gaɓoɓin ɗan tayi suna haɗuwa ne a cikin wata ukun farko na ciki, wani lokaci haɗin bai kammala ba. Akwai wanda gado ne, akwai wanda ƙarancin wani sinadari ne a jikin uwa, ko ciwon sukari da ba a kula da shi ba, ko wani magani da aka sha, ko cutar da ta kama ta da ƙaramin ciki. Kusan rabi kuwa likitoci ma ba sa iya nuna takamaiman dalilinsa. Macen da ake zargi ɓoye ɗanta take yi, kuma ɗan da aka ɓoye ba ya zuwa asibiti.

Waɗanda ba sa kwana a gida

Ungozoma da kaka, ku buɗe jariri ku duba shi tun daga kai har tafin ƙafa a ranar da aka haife shi, har da bayansa da al'aurarsa. Ana haihuwar yaro babu ƙofar dubura, kusan ɗaya cikin 5,000, kuma sau da yawa ba a ankara sai ciki ya kumbura ya yi tauri. Idan kwana ɗaya ya cika bai yi baƙin kashin nan na farko ba, ko yana amai kore, ko kumfa na ta fita daga bakinsa yana shaƙewa duk lokacin da aka sa shi a nono, ko leɓensa da harshensa sun yi shuɗi-shuɗi, to a nemi mota a ranar. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo wai don cikin ya saki.

Haka ƙullutu ko buɗaɗɗen rauni a tsakiyar baya. Laka ce ke leƙowa ta inda ƙashin baya bai rufe ba, kuma ƙwayar cuta na iya bi ta nan ta hau ƙwaƙwalwa. Kada a shafa toka, ko man shanu, ko garin magani, kada a bari wanzami ya tsaga. A rufe wurin da bandeji mai tsabta, in babu a sa sabuwar leda da ba a taɓa amfani da ita ba, a kwantar da yaron rubda ciki ko ta gefe, a lulluɓe shi kada sanyi ya kama shi. An fi son a ɗinke wurin a cikin kwana biyu zuwa uku. Irin waɗannan yara sukan tara ruwa a kai daga baya, don haka kan da ke girma da sauri, da maɗiga da ta kumbura, da ido mai kallon ƙasa, alamu ne na komawa wurin likita.

Asibitin da ke kusa, kamar babban asibitin Tudun Wada, zai sa wa yaro ruwa, ya ba da takardar turawa. Tiyatar jarirai kuwa sai manyan asibitoci: Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya. Wanda ya taso daga Riruwai ko Doguwa ya ratsa dajin Falgore, idan ya iso Kwanar Dangora yana da zaɓi biyu, ya yi arewa zuwa Kano ko kudu zuwa Zariya. Maigida, ka zaɓi inda kake da ɗan'uwan da za ka sauka wurinsa, domin jinyar ba ta kwana ɗaya ba ce.

Murɗaɗɗiyar ƙafa

A nan nake so in daɗe, saboda tana cikin tawayar da ke da sauƙin gyaruwa, amma ana yawan sakaci da ita. Kusan jariri ɗaya cikin 1,000 ake haifa tafin ƙafarsa ya juya ciki yana kallon ɗan'uwansa, maza sun fi mata, kuma rabinsu ƙafa biyun ne. Ba ta yi wa jariri ciwo, yana shan nono yana barci lafiya, shi ya sa ake cewa za ta miƙe da kanta ko da gashin ruwan zafi. Ba ta miƙewa. Yaron zai tashi yana taka gefen ƙafa ko bayanta, wurin ya yi kanta, takalmi ya gagare shi, doguwar tafiya zuwa gona ko makaranta ta zame masa azaba.

Wani likita ɗan asalin Sifaniya mai suna Ignacio Ponseti, wanda ya yi aiki a Jami'ar Iowa ta Amurka, shi ya fito da hanyar da duniya ke bi yau, kuma tana gyara fiye da tara cikin goma ba tare da babbar tiyata ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: jijiyoyin ƙafar jariri suna da laushi a makonnin farko, shi ya sa aka fi son a fara a sati na ɗaya ko na biyu. Ma'aikacin da aka horar zai juya ƙafar a hankali da hannu, ya ɗaure ta da filasta tun daga yatsu har cinya. Bayan mako guda a cire, a ƙara juyawa, a sake ɗaurewa, haka sau biyar zuwa takwas. Yawancin yara ana ɗan yanka musu jijiyar agara, aikin 'yan mintoci, sai filasta ta ƙarshe ta mako uku. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano wurin wannan aiki ne.

Sai matakin da iyaye suka fi faɗuwa a kansa. Bayan an cire filasta ƙafa ta miƙe tsaf, sai a ba yaro wasu takalma biyu da aka haɗa da sandar ƙarfe. Zai sa su awa 23 a rana har wata uku, daga nan sai da dare da lokacin barcin rana har ya kai shekara huɗu ko biyar. Yaro zai yi kuka a kwanakin farko, goyo zai yi wuya, kaka za ta ce a cire masa wannan ƙarfe ai ya warke. Hajiya kaka, don Allah a yi haƙuri. Yawancin ƙafafun da suka koma gidan jiya, cire takalmin nan ne ya mayar da su.

Kuɗin mota duk mako daga Doguwa ko Kiru ba wasa ba ne, balle idan haihuwar ta faɗo da damina, maigida na tsakiyar noman masara ko shinkafa. Shawarata ita ce dangi su zauna tun ranar farko su lissafa kuɗin zuwa asibiti sau takwas, a raba nauyin, ko mai jego ta koma gidan wani ɗan'uwa a birni ta ƙarasa wankanta a can. Ragon suna ana iya sayen madaidaici a rage wa mota. Wanda kuma ɗansa ya riga ya fara tafiya a kan murɗaɗɗiyar ƙafa, kada ya ce lokaci ya wuce. Ana gyarawa, sai dai aikin ya fi tsawo.

Tsagaggen leɓe da ganda

Wannan yana tayar da hankalin mai kallo, amma ɗinki yana gyara shi. Akan ɗinke leɓe daga wata uku zuwa shida, ganda kuma wajen shekara ɗaya, kafin magana ta zauna. Ƙungiyar Smile Train tana biyan kuɗin wannan tiyata a asibitocin da take hulɗa da su a Najeriya, don haka a tambaya kafin a sayar da akuya. Abin tsoro shi ne yunwa, domin yaro mai tsagaggiyar ganda ba ya iya zuƙar nono sosai, kuma likita ba zai yi wa ramammen jariri aiki ba, yakan so nauyinsa ya kai kamar kilo 5. A shayar da shi a zaune, kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Idan ya kasa kamawa, uwa ta tatsa ta ba shi da ƙaramin kofi ko cokali mai tsabta. Kada a cire masa beli. Haka yaron da ƙofar fitsarinsa take ƙarƙashin mazakuta, kada a yi masa kaciya sai likita ya gani, don da wannan fatar ake gyaran.

Kafin ciki na gaba

Lakar ɗan tayi tana rufewa ne a cikin kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace da ƙyar ta gane ta yi ɓatan wata. Ƙwayar folik asid, ƙaramar rawayar nan da ake bayarwa tare da maganin ƙarin jini a wurin awo, tana hana mafi yawan buɗewar baya, amma sai an fara shan ta kafin cikin. Matanmu kuwa sai ciki ya kai wata biyar ko shida suke fara awo. Duk matar auren da za ta iya ɗaukar ciki ta riƙa shan maikirogiram 400 kullum, amarya ma tun kafin ta tare. Wadda ta taɓa haihuwar mai buɗaɗɗen baya tana bukatar mai ƙarfi, miligiram 5, likita zai rubuta mata. Wani babban bincike da aka wallafa a Ingila a 1991 ya nuna cewa a irin waɗannan mata ƙwayar tana rage maimaituwar larurar da kusan kashi 70 cikin ɗari.

Mai farfaɗiya da mai ciwon sukari su ga likita kafin su ɗauki ciki, domin wasu magungunan farfaɗiya suna taɓa ɗan tayi. Amma kada a daina sha da ka. Mai ƙaramin ciki ta guji maganin kemis da na 'yan talla da ba a rubuta mata ba, ta nisanci wurin feshin gona da wankin kayan mai feshi. Gidan da wata larura ke maimaituwa a cikin zuriya su faɗa wa likita gaskiya kafin a ƙulla wani auren zumuncin. Gwajin jini kafin aure, wanda dokar Jihar Kano ta wajabta tun 2024, yana gano masu ɗauke da sikila, sai dai ba ya nuna murɗaɗɗiyar ƙafa ko buɗaɗɗen baya. Hoton ciki ne a wajen wata na biyar yake iya nuna wasu daga cikinsu, kuma idan ya nuna, a shirya haihuwar a babban asibitin da likitan tiyatar yara yake kusa.