Saƙar Lilin a Ƙasar Faransa

Har zuwa farkon ƙarni na 20, idan ana so a san arzikin gida a ƙauyukan Faransa, akan dubi abin da ke cikin kabad ɗin uwargida. A nan take jera zannuwan gado da rigunan matashi da ƙyallayen tebur da tawul, galibinsu na lilin. Tun yarinya tana ƙarama take fara tara waɗannan kaya domin aurenta, kuma da hannunta take ɗinka haruffan farko na sunanta a jikinsu, sau da yawa da jan zare. Dole ne gida ya tara zannuwa da yawa, domin a wurare da dama sau biyu kawai ake yin babban wanki a shekara, da toka da ruwan zafi. Zanen lilin ba ya saurin tsufa, wanki ma ƙara masa laushi yake yi. Saboda haka uwa takan bar wa 'yarta gadonsa.

Ana samun lilin ne daga wani siririn tsiro wanda tsawonsa yakan kai mita ɗaya. Ana shuka shi a watan Maris ko Afrilu, ya yi shuɗin fure a watan Yuni, ya nuna bayan kamar kwana 100. Ba a yanka shi, tuge shi ake yi, don kada a rage tsawon zarensa. Daga nan sai a shimfiɗa shi a gona na 'yan makonni, raɓa da ruwan sama su ruɓar da danƙon da ya haɗa zare da kara. Bayan ya bushe sai a buge karan, a taje zaren, a kaɗa shi.

Garin Gérardmer, wanda ke cikin duwatsun Vosges a gabashin Faransa, ya yi suna a wannan sana'a. A dā, idan hunturu ya yi tsanani, dusar ƙanƙara ta hana aikin gona, sai manoma su zauna a gida su kama saƙa. Sabon lilin ba fari ba ne, launinsa kamar na ƙasa-ƙasa yake. Don haka akan shanya shi a kan ciyawa, ana yayyafa masa ruwa, har rana da iska su mayar da shi fari. A wannan gari aka kafa kamfanin Garnier-Thiebaut a shekarar 1833, kuma har yanzu yana saƙa a yankin.

A farkon ƙarni na 19, wani mutumin birnin Liyon mai suna Joseph Marie Jacquard ya kyautata wani injin saƙa mai aiki da katuna masu huji. Hujin ne ke nuna zaren da zai ɗagu da wanda zai kwanta. Ta haka masaƙi ɗaya ya iya fitar da furanni da ganyaye a cikin saƙar kanta, aikin da a dā sai da mataimaki. An fara amfani da injin ne wajen siliki, daga baya ya shiga saƙar ƙyallayen tebur.

Sai dai injuna sun zo da abokin hamayya. Auduga ta fi lilin sauƙin kaɗi, ta kuma fi shi araha, sai jama'a suka karkata gare ta. A rabi na biyu na ƙarni na 20, al'adar tara kayan aure ta ja baya, kayan waje masu araha suka cika kasuwa, masaƙu da yawa suka rufe. A shekarar 2005 kamfanin Safilin ya daina kaɗin lilin a Faransa, ya ci gaba da aikin a ƙasar Poland.

A yau Faransa ce kan gaba a duniya wajen noman lilin, musamman a yankin Normandi, amma yawancin abin da ta noma ƙasar Sin ake kaiwa a kaɗa shi. An fara ƙoƙarin gyara wannan. A shekarar 2022 Safilin ya buɗe sabuwar masana'antar kaɗi a garin Béthune, a arewacin ƙasar. Babbar damuwar masu sana'ar ita ce samun matasa da za su koyi aikin daga tsofaffin ma'aikata kafin su yi ritaya, domin gane zare mai kyau da saita inji sai an daɗe ana yi kafin hannu ya saba.

Tambayoyi

1. Me ya sa gidaje suke tara zannuwa da yawa a dā?
2. Don me ake tuge tsiron lilin maimakon a yanka shi?
3. Yaya mutanen Gérardmer suke mayar da lilin fari?
4. Kawo dalilai biyu da suka sa saƙar lilin ta ja baya.