Idan Tsohon Injin Ban Ruwa Ya Ƙi Tashi

Manoman rani na ƙasar Dutsi, musamman masu lambu a bakin dam ɗin Daberam, sun san irin wannan rana. Tumatir ya fara fure, ƙasa ta bushe, ka ja igiyar inji sau ashirin, shiru. Kafin ka ɗaure shi a bayan babur ka nufi wurin makanike a Daura, dakata tukuna. Yawancin abin da ke hana inji tashi kai ma kana iya gyara shi a nan bakin ruwa. Abu uku inji yake bukata: mai, wuta da iska.

Fara da mai. Fetur da ya kwana a tanki tun ranin bara ya lalace, yakan yi danƙo ya toshe kafireta. Juye shi, ka zuba sabo. A ƙarƙashin kafireta akwai ɗan kofi mai noti. Kwance notin, ka tari man a kwalba mai haske. In ka ga ruwa ya kwanta a ƙasan kwalbar, to ga mai laifin nan. Man da aka saya a galan kuwa, a tace shi da ƙyalle mai tsabta.

Sai fulogi. Cire shi ka dubi bakinsa. In ƙasa-ƙasa ne, lafiya lau. In ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa: ko an bar cok a rufe, ko matatar iska ta toshe. Goge shi da burushin waya. Tazarar bakinsa a injin Honda da makamantansa milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Mayar masa da hularsa, ka jingina gindinsa a jikin inji nesa da ramin fulogin, ka ja igiya. Tartsatsi shuɗi ake nema. Kada ka riƙe shi da hannu, kada kuma ka gwada kusa da fetur. In babu wuta, duba baƙin mai kafin ka sayi komai, gama wasu injuna sukan yanke wuta da kansu in baƙin mai ya yi ƙasa, ko in an ajiye su a karkace. Ana canja baƙin mai bayan aikin awa 100.

Ƙurar hunturu ita ce abokiyar gabar matatar iska. In ta soso ce, wanke ta da ruwan sabulu, ta bushe sarai, ka ɗiga mata baƙin mai kaɗan ka matse. Wasu kan cire ta su jefar wai don inji ya sha iska. Wannan ganganci ne, yashi zai shiga ya cinye ringi.

To, inji ya tashi amma ruwa bai fito ba fa? Kashe shi maza, domin famfon da ya yi gudu a bushe yakan ƙone sil. Cika cikin famfon da ruwa ta murfin sama. Bi tiyon tsotso ka duba, ko ɗan huji kamar na allura ya isa ya hana shi jan ruwa. Ɗaure mahaɗa tam da roba, ka share rariyar bakin tiyo. Famfo irin wannan ba ya jan ruwan da ya yi ƙasa da shi fiye da mita 7 zuwa 8. In ruwa ya janye a watan Maris, sai ka sauko da injin kusa da shi.

Masunta masu injin kwale-kwale, wannan duka ya shafe ku, sai dai tsohon injinku galibi mai haɗin mai ne. Da yawa kashi 1 na man haɗi ake zuba wa kashi 50 na fetur, amma a bi abin da aka rubuta a littafin injin. In ɗan ruwan da ke tsartuwa ta bayansa ya tsaya, a kashe shi nan take, alama ce ruwan sanyaya shi ba ya zagayawa.

In ka ja igiya ta taho sakwa-sakwa ba nauyi, ko fulogi ya jiƙe da baƙin mai, ko inji na fitar da shuɗin hayaƙi ba tsayawa, ciwon na ciki ne. Wannan kam kai shi wurin makanike, ka kuma gaya masa duk abin da ka riga ka duba.