Baƙo A Zaure Ake Saukar Da Shi

Ɗana, na ji kana so ka koyi Linux, kuma kwamfutar da ke hannunka ta mahaifinka ce, wadda yake ajiye lissafin shago da takardun gida a cikinta. Niyyarka mai kyau ce, Allah Ya yi albarka. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne ka goge masa Windows, ko ka tsaga faifan ciki gida biyu alhali kana ɗan koyo. Ka sayi faifan ajiya na waje, irin wanda ake jonawa da kebul ta kafar USB, ka zuba Linux ɗinka a kansa. In ka jona ka kunna, kwamfutar ta zama taka. In ka kashe ka cire, ta koma ta mahaifinka. Ai ko a gida, baƙon da ba a gama sanin halinsa ba a zaure ake saukar da shi.

Ka fara fahimtar dalilin da ya sa hakan yake yiwuwa. Idan ka danna makunni, ba Windows ne yake fara farkawa ba. Akwai wata ƙaramar manhaja da aka dasa a jikin injin tun daga masana'anta, a tsofaffin kwamfutoci sunanta BIOS, a sababbi UEFI. Aikinta ta duba faifan da zai iya tayar da kwamfutar, ta miƙa masa ragama, kuma babu ruwanta da ko a ciki yake ko a waje. Kai ne za ka gaya mata wanda kake so. A Dell da yawancin Lenovo ana danna F12 da zarar tambarin kamfani ya bayyana, a HP kuwa F9, a tsofaffin Mac masu Intel ana riƙe madannin Option. In ka yi nawa Windows ya riga ka tashi, sai ka sake.

Dabarar ba ta yau ba ce. Linus Torvalds ya fara Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma tun shekarar 2000 Knoppix yake tayar da kwamfuta daga faifan CD ba tare da an zuba komai a ciki ba. Ita kanta Microsoft ta yi nata, Windows To Go, a zamanin Windows 8, daga baya ta janye shi. Yanzu ma abin ya ƙara amfani, domin tun 14 ga Oktoban 2025 aka daina tallafa wa Windows 10 yadda aka saba, ga shi da yawa daga kwamfutocin gwanjo da ke hannun mutanenmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba.

Abu biyu za ka tanada: filas mai giga 8 ko fiye, da faifan wajen. Ka sauke Linux Mint ko Ubuntu. Ni Mint zan ce, don ya fi kama da abin da idonka ya saba, kuma kusan giga 3 ne, Ubuntu kuwa ya kusa ninka shi, data kuma ba kyauta ba ce. Ka rubuta shi a filas da Rufus ko balenaEtcher, ka sani duk abin da ke filas ɗin zai goge. Ka tayar daga filas, ka gwada tukuna: Wi-Fi yana kamawa? Sauti yana fita? In sun yi, to.

Amma kafin wannan duka, ka kwafe takardun mahaifinka zuwa wani wuri daban. Sannan ka duba ko faifansa yana kulle da BitLocker, domin kwamfutoci da yawa da shi suke zuwa mai su bai ma sani ba. Taɓa saitin UEFI, musamman kashe Secure Boot, yana iya sa Windows ya ƙi buɗewa har sai an ba shi lambar ceto mai alƙalumma 48. Galibi tana cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar. Ka nemo ta, ka rubuta a takarda, ka ba shi ya adana.

To, ga inda nake so ka nutsu, don mafi yawan ɓarnar da ake yi a shafi guda ake yin ta: shafin da ake tambayarka a wane faifai za a zuba. Linux bai san C da D ba, haruffan da Windows yake kiran faifai da su. Zai nuna maka sda, sdb, ko nvme0n1, kuma ba dole ne na wajen ya zama na biyu a jeri ba. Kada ka dogara da harafi. Ka karanta girman faifan da sunan kamfanin da ya ƙera shi, ka gwada da abin da ke rubuce a jikin wanda ke gabanka. In duka biyun giga 500 ne kuma zuciyarka ta yi wasi-wasi, ka tsaya, ka cire na wajen ka ga wanne ne ya ɓace daga jerin. Zaɓin da ya ce a goge faifai duka ba ya tambayar ko na waye.

Akwai kuma tarko na biyu, wanda yake kama har waɗanda suka zaɓi faifai daidai. Linux yana da ƙaramar manhajar da take tayar da shi, GRUB. Sau da yawa, ko ka ce a sa ta a faifan waje, sai a je a ajiye ta a na ciki, gefen ta Windows. Ranar farko komai lafiya. Washegari ka tafi makaranta da faifanka a jaka, mahaifinka ya kunna, ya tarar da baƙin allo da kalma ɗaya tana jiransa: grub. Takardunsa suna nan, amma je ka gaya wa mutumin da lissafin shekara yake ciki. Kuma faifan naka ba zai tashi a wata kwamfutar ba. Maganin tarkunan nan biyu ɗaya ne: in kwamfutar tana buɗuwa ta ƙasa cikin sauƙi, ka sa mai gyara ya zare faifan ciki, ka yi zubinka, a mayar. Kuɗin da zai karɓa bai kai ɓacin ran yini guda ba.

Sauran ƙanana ne. Ka jona a kafar USB 3.0, wadda galibi harshenta shuɗi ne. A ƙa'ida ta fi ta 2.0 sauri kusan sau goma. In da hali ka sayi SSD, ya fi sauri kuma bai damu da girgiza ba kamar mai juyawa. Kada ka zare kebul kwamfuta na aiki, kuma in baturin ya mutu, ranar zubi ka nemi inda wuta ba za ta yanke maka a tsakiya ba. Za ka kuma ga agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya bayan ka yi amfani da Linux, domin Linux da lokacin Girinwic yake saita agogon inji, mu kuma a Najeriya da Nijar muna gaba da awa guda. Ana gyara shi a cikin Linux da umarni ɗaya. Ka gyara, kada dattijo ya zauna yana jiran Azahar da ta riga ta yi.

Abu na ƙarshe ya fi duk waɗannan nauyi a wurina. Idan faifan ciki ba a kulle yake ba, daga Linux za ka ga duk abin da ke cikinsa ba tare da kalmar sirrin Windows ba: hotuna, wasiƙu, basussukan mutane. Ganin ƙofar a buɗe bai halatta maka shiga ba. Kada kuma ka jona faifanka a kwamfutar makaranta ko ta ofis ko ta abokinka sai da izinin mai ita. Naka faifan ma haka yake a hannun duk wanda ya tsince shi, don haka ka zaɓi kulle shi da kalmar sirri tun lokacin zubi.

Ka je ka sami mahaifinka yau, ka gaya masa abin da za ka yi da ranar da za ka yi, ka nemi yardarsa. In ya amince, ka zo min da kwamfutar da faifan kafin ka danna komai, mu karanta shafin zaɓen faifan tare.