Ruwan Tirelar Shaƙatawa: Daga Ina Yake, Ina Yake Zuwa?

Tun da muka ɗora bidiyon tirelar shaƙatawa, irin wadda Amurkawa ke ɗaura wa mota su tafi daji su kwana biyu, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: wai ruwan famfon nan daga ina yake, kuma in an yi amfani da shi ina yake zuwa? To ga bayanin da lokaci bai bari na yi ba.

Tankuna uku ne a ƙarƙashin daɓen tirelar. Ɗaya na ruwa mai tsabta. Na biyu yana tara ruwan wanka da na wanke-wanke, su suna ce masa ruwan toka. Na uku, baƙin tanki, na bayan gida ne kaɗai.

A gida mun saba tanki yana sama, nauyin ruwa ne ke turo shi zuwa famfo. Nan kuwa tankin yana ƙasa da famfon, saboda haka sai an haɗa da ɗan inji mai aiki da batir na volt 12. Wayon yana cikin wani makunni da ke jikinsa, mai jin matsin ruwa. Ka buɗe famfo, matsi ya sauka, inji ya tashi. Ka rufe, matsi ya hau zuwa wajen psi 45 ko 55, ya kashe kansa. Don ka gane ƙarfin, psi 45 kamar a ce tankinka yana kan hasumiya mai tsawon mita 31 ne. Shi ya sa in duk famfunan a rufe suke amma kana jin injin yana tashi yana mutuwa cikin dare, to matsin yana zurarewa ta wani wuri, galibi yoyo ne. Kada ka juya ka ci gaba da barci. Daɓen katako ne, kafin ka ga jiƙa ya fara ruɓewa.

In sansanin da ka sauka yana da famfo, sai ka jona tiyo kai tsaye, inji ya huta. Amma ka fara ɗaura na'urar rage matsi, domin ruwan wasu wuraren ya fi ƙarfin mahaɗan bututun roban da ke ciki.

Baƙin tanki nan ne sababbin shiga ke shan wuya. Masai ɗin yana bisa tankin, ka taka feda, ƙofa ta buɗe, komai ya faɗa. Wani sai ya ga dabara ce ya bar bawul ɗin fita a buɗe kullum. Kuskure ne babba: ruwa zai tsiyaye ya bar sauran, ya taru ya bushe kamar suri. A bar shi a rufe sai ya kusa cika. Wajen zubarwa kuma baƙin ake fara saki, sannan na toka ya biyo baya, ruwan sabulun ya wanke tiyon. A nan mu masu buta mun ci riba, don yawan ruwa shi ne lafiyar wannan tanki. Sai dai alwala sau biyar na mutum huɗu tana cika na toka da wuri, ka sa wannan a lissafi.

Ga kuma nauyi. Galan 40 na Amurka lita 151 ne, wato kilo 151 da motarka za ta ja ban da kaya.

Saura hunturu. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma hakan ya isa ya fasa mahaɗa da injin da hita. Kafin sanyi ake tsiyaye komai, a tura maganin hana daskarewa mai launin hoda cikin bututun, bayan an juya bawul ɗin da ke kewaye hita don kada a yi asarar galan 6 a cikinta. Ka tabbata na tirela ne ka saya. Wanda ake zuba wa lagireton mota guba ne, ba ya shiga bututun ruwan sha.