Tabilet a Ajin Tsarin Sauti: Ganin Abin da Rubutu Ya Ɓoye

A yawancin azuzuwanmu, ɗalibin da ya mallaki tabilet yakan mayar da ita ma'ajiyar takardu kawai: ya zuba darussan malami a ciki, ya karanta su kamar yadda zai karanta a kan takarda. Wannan ya rage kuɗin fotokofi, amma bai ƙara wa darasin komai ba. Manufar wannan maƙala ita ce nuna fannin da na'urar ke da amfani na haƙiƙa a koyar da Hausa, wato karin sauti da tsawon wasali.

Ƙa'idar rubutun Hausa ta yau da kullum, har da wadda aka tsayar a Nijar a shekarar 1999, ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. Saboda haka kalmar "gari" takan ɗauki ma'ana biyu: garin da ake zama, mai gajeren wasali a gaɓar farko, da garin tuwo, mai dogon wasali. Haka ma "kuka": idan gaɓoɓin biyu suna da karin sama, kukan hawaye ne, idan ta biyu ta sauka ƙasa, itaciyar kuka ce. Bahaushe yana furta waɗannan daidai tun yana yaro, amma da an ce ya ɗora musu alama a jarrabawa sai ya rikice. Ni kaina na yi shekara guda ina hardace alamomin ba tare da kunnena ya rarrabe su ba.

Ga yadda za a iya tsara darasin. Da farko, a raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni da tabilet ɗaya. Su naɗi muryar junansu a wuri marar hayaniya, suna sanya kowace kalma a cikin jimla iri ɗaya, domin kwatanci ya yi adalci. Daga nan a tura muryoyin zuwa kwamfuta, a buɗe su da Praat, manhajar kyauta da Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam. Manhajar tana zana layin hawa da saukar murya, tana kuma auna tsawon kowane wasali. Kwamfuta ɗaya da majigi sun ishi aji, kuma aikin ba ya buƙatar intanet.

Sai dai layin da ke kan allo ba ya yanke hukunci da kansa. A jimlar Hausa, karin saman da ya biyo bayan karin ƙasa yakan ɗan sauka ƙasa da na gabansa, har ta kai karin sama na ƙarshen doguwar jimla ya kusanci karin ƙasa na farkonta. Ɗalibin da ya dogara da zane kaɗai zai yi kuskure a nan. Don haka ya kamata kowa ya fara saurare, ya rubuta abin da ya ji, sannan a duba allo. A wannan gaɓa ce bayanin malami ya zama dole.

Akwai wata riba kuma. Ajinmu ya tara ƴan Maraɗi da Damagaram da Adar da Arewa. Inda wani ke cewa "faɗi", wani "hwaɗi" yake cewa. Idan kowane ɗalibi ya koma gida da hutu, ya nemi izinin dattawa ya naɗi maganarsu, ya rubuta gari da ranar naɗin, sashe zai tara taskar karorin harshe daga bakin masu su.

Saboda haka, kafin sashe ya nemi a saya masa na'urori, ya dace malamai da ɗalibai su zauna su tantance darasin da za a yi da su. Shawarata ita ce a fara da tsarin sauti a shekarar farko, da kalmomi goma kacal, a ga abin da kunnen ɗalibi zai kama a ƙarshen zango.