Zaman Kifaye a Akwatin Gilashi

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Malamin da ya ajiye kifi mai rai a ajinsa ya fi wanda ya zana shi a allo. Amma akwai abin lura kafin a zuba ruwa.

Da na je gwajin koyarwa a wata makarantar Fegge, a Anacha, yara suka kawo mini ƙananan kifaye daga bakin Kwara: karfasa shida da tufi ɗaya. Na zuba su wuri guda cikin akwatin gilashi. Bayan kwana uku saura karfasa biyu. Wani yaro ya yi ta kuka, gama shi ya kamo su. Laifina ne, ban san halin tufi ba.

Ga halin kifayen kogin nan masu cin 'yan'uwansu.

Tufi yakan laɓe cikin ciyawa shiru, sai ƙaramin kifi ya gifta ya wawure shi. Yana shan iska a saman ruwa, kuma gwanin tsalle ne, saboda haka a rufe akwatinsa.

Tsage haƙoransa kamar ƙusa, ga gudu. Yana son ruwa mai faɗi mai tafiya; akwatin aji ya yi masa kaɗan.

Minjirya tana da wutar lantarki a jiki, babbarta takan ba da fiye da bolt 300. Da ita take sumar da abincinta. Ita kaɗai za a ajiye, kuma kada yaro ya sa hannu.

Tarwaɗa da dare take kiwo, ba ta zaɓen abinci. Gaiwa kuwa cizo gare ta, ko 'yar'uwarta ba ta bari.

Giwan ruwa yakan kai tsawon ƙafa 6. A shekarun 1950 aka zuba shi cikin tafkin Biktoriya a gabashin Afirka. Kafin ƙarshen shekarun 1980 irin ƙananan kifayen wurin wajen 200 sun ɓace, shi ne kuwa babban sanadi. To, abin da ya gagari tafki, ina ga akwati?

Ga ƙa'idodi huɗu:

1. A dubi baki. Duk kifin da zai shige bakin wani, abincinsa ne, ko ba yau ba.
2. A tuna da girma. Waɗanda suke daidai da juna yau, bayan wata uku wani ya tsere wa wani.
3. A sa maɓuya, watau duwatsu da ciyawar ruwa da fasasshiyar tukunya, don mai rauni ya sami wurin fakewa.
4. Kada a cika akwati. Mai cin nama yana saurin ɓata ruwa. A kwashe kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako, a zuba sabo.

Wanda yake farawa, shawarata ya haɗa karfasa da kurungu masu girma ɗaya. Akwai irin kurungun da yake iyo a rigingine, yara kuwa ba sa gajiya da kallonsa. In ana son tufi, a ba shi nasa akwatin.

Tambayoyi don aji: Don me bakin tufi ya fi na karfasa faɗi? Wane kifi ne yake kiwo da dare? Ku tambayi masunta sunayen kifaye biyar da Hausa da Ibo, ku rubuto.